Kyamara a Cikin Gafaka

Har yau idan na ga 'yan makaranta sun fito, maza da mata, kowa da jakarsa goye a baya, babu mai ko waiwayarsu, sai raina ya sosu. Ni na goya jaka a Tambuwal tun ba a saba gani ba, kuma na sha abin da na sha a kanta.

A shekarun da aka yanka mana Jihar Sakkwato, arzikin mai ya shigo ƙasa, aikin hajji ya matso kusa da talaka. Mutumin da ubansa ya rasu da niyya a zuci, sai ga shi ya sayar da bijimi da rumbun gero ya zama maniyyaci. Kowane maniyyaci kuwa sai da hoto. Yayana, wanda muke uba ɗaya, yana cikin waɗanda suka fara zuwa. A tsarabarsa har da kyamara, wadda aka yi masa talla a Jidda ya saya bai ma san inda ake buɗe ta ba. Ta daɗe a cikin adaka kafin na roƙe shi ita. Na kai ta wurin wani Bayarabe mai hoto a Sakkwato, na yi ta jela har ya koya mini. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, lambobin da ke jikinta da ido na haddace su: wannan ta tsakar rana, wannan ta inuwa, wannan ta ranar hadari.

Daga nan duk ranar da gona ta sake ni sai in hau babur in bi kasuwanni, Sanyinna, Dogon Daji, har Kebbe. In fita da sassafe, in dawo kafin magariba. Fim in ya cika in ba direba ya kai Sakkwato a wanko.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kyamara ba ta son laima, ba ta son duka. Fitilar da ke walƙiya gilashinta kamar ɓawon ƙwai yake. Fim zafi na lalata shi, ruwa na manne shi. Sai ɗan guntun farin ƙyalle da ake riƙewa a bayan kan mutum. Da farko a kwanon sha nake jera su, in naɗe da tsumma, in ɗaure a bayan babur da roba. Hanyar Kebbe ce ta hana ni. Gargada ce tun daga fita gari, babur na tsalle kwano na tsalle. Wata rana na kwance kaya a kasuwa na tarar fitila ta tsage, wani ɗan ƙusa kuma ya kwance yana yawo a cikin kyamara. Bayaraben da ya gyara mini ya ce in dai ina so ta yi kwana, kada ta ƙara zama a kan ƙarfen babur. A jikina za ta zauna, don jikin mutum ne ke shanye girgiza.

Na shiga kasuwar Sakkwato neman jaka, na yini ina ɗagawa ina ajiyewa. Jakar alhazai ta hannu tana da kyau, amma wa zai riƙe mini kan babur? Akwai wata mai sheƙi da zif, ta rataya a kafaɗa. Na rataya na yi tafiya da ita a gaban mai rumfar, na ji tana dukan ƙuguna a kowane taku, na ajiye. Akwatin kwano kuwa ya koma kwanon sha ke nan. Can wajen masu gwanjo na ga wata tsohuwar jaka ta tamfol, irin ta soja, mai maɗauri biyu. Na zura hannuwana, ta hau bayana ta zauna daram. Na duƙa, na miƙe, na yi ɗan tsalle, masu gwanjo na dariya. Ba ta motsa ba. Hannuwana duka biyu a sake. Tamfol ɗin kuma ruwa ba ya ratsa shi, na tofa yawu na gani da idona ya gangare.

Matata ce ta ƙarasa aikin. Ta yi mata shafi da audugar rimi daga ciki, ta raba ta gida-gida da tsohon zane, kyamara da ɗakinta, fitila da nata, fim a can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Da na gwada a tsakar gida ta rufe baki tana dariya, amma ta ce, “Malam, ta zauna. Ko jariri ne ba ya farkawa.”

Wannan maganar da ta faɗa da wasa, ita gari ya ɗauka da gaske. A wurinmu namiji yana ɗauka a ka, yana saɓawa a kafaɗa, yana ratayawa. Baya na mata ne da jarirai. Ranar farko da na fito, taubashina mai sayar da rake a tasha ya hango ni ya miƙe tsaye.

“Barka da arziki! Yaushe anka sauka ba mu ji ba? Mace ko namiji?”

Na ce, “Namiji ne. Ido ɗaya gare shi, kuma ya fi ka gani.”

“To ina majanyi? Ko sai mun yi maki gudummawa?”

Na taubashi ban damu da shi ba, haƙƙinsa ne, ni ma ina ramawa. Na yi ta aikina da jakar har rani ya wuce, ko ƙwarzane kyamara ba ta yi ba. Abin da ban sani ba, maganar tana isa zauren Yaya, kuma shi ba dariya take ba shi ba. Tun da ya zama Alhaji ya fara jin kunyar abubuwan da da ba ya ji. Wata safiya ya aika a kira ni. Na tarar da shi da baƙi a zaure, bai ko jira sun tashi ba.

“Mi ka ɗauko muna wanga? Kai da gemu, da iyali, ka riƙa yawo kasuwa-kasuwa da goyo awa mai jego? Ko'ina na zauna sai a ce mini ina ƙanenka mai goyo.”

“Yaya, kayan aiki ne. Don kada kyamara ta lalace.”

“Kyamarar wa? Wa ya ɗauko ta tun daga Jidda? A hannu na riƙo ta, ba goya ta na yi ba. Abin da nika gaya maka, gidanmu ba a yi ba, kuma ba a fara daga kanka.”

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya san ni da shi, kuma shi wana ne, uba ne tun da babanmu ya rasu. Na sunkuyar da kai. Ya sa aka karɓo jakar daga gidana. Kafin in sake ganinta, mai yi masa aikin gona ya farke ɗakunan da matata ta ɗinka, yana ɗibar takin zamani da ita zuwa fadama. Taki ya cinye tamfol ɗin, ya yi fari ya ruɓe. Matata ta daɗe ba ta gaida matan gidan Yaya da sakin fuska ba.

Don kada a ce ya raba ni da jaka ya bar ni haka, Yaya ya ɗauke ni da kansa zuwa wurin wani baduku a Dogon Daji, ya ce a yi mini irin ta maza. Na zauna na yi wa badukun bayani da hannu: ga tsawo, ga faɗi, ga kauri, a yi mata ɗakuna. Yana ji yana gyaɗa kai yana cin goro. Da muka koma karɓa, ya ɗauko abin da ya ɗinka ya miƙo da hannu biyu. Jar fata ce mai kyau, da marfi mai lanƙwasowa, da ado kore a gefe, da tuntaye, da doguwar igiyar rataya. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san wannan ɗinki. Irin jakar da ake ajiye Alƙur'ani ce, an dai ƙara mata ciki.

Na ce, “Yaya, wannan ai gafaka ce.”

Badukun ya ce, “Ni abin da na gada ke nan, da kube, da laya. In wata iri kake so, sai Kano.”

Yaya ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina fatar. “Jaka ce. Fata ce da zare. Sai an sa Alƙur'ani take zama gafaka. Dubi kyau! Wanga shi ne abin da mutum mai mutunci ka ratayawa.”

Na maimaita masa a hanya cewa raina bai kwanta ba. Ya ce in daina neman magana. Kyamara ba ta shiga ba sai da na cire mata igiyarta ta wuya na bari a gida. Fitila kuwa a aljihu ta koma. A kan babur jakar na lilo tana dukan haƙarƙarina, sai na riƙa matse ta da gwiwar hannu, ina tuƙi a karkace. A garuruwan da aka san ni ba a ce komai ba, sai 'yan kallo. Taubashina dai ya sake mini suna, ya koma kirana Alaramma.

Ana haka damina ta yi tsakiya, aka aiko daga wani ƙauye da ke tsakanin Kebbe da Fakku, inda ban taɓa zuwa ba. Wani tsohon malami ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya karantar da mutanen da suka je Makka suka dawo, shi bai je ba. A wannan shekara almajiransa na da suka haɗu suka ɗauki nauyinsa. Komai ya kammala sai hoto, kuma ofishin alhazai na gab da rufe karɓa. Ƙafafunsa ba sa ɗaukar tafiyar damina, ga gulbi ya fara kawowa. In hoto bai samu a wannan zuwan ba, sai wata shekara, kuma mutum mai shekarunsa ba a yi masa alkawarin wata shekara. Ɗan aiken ya faɗi wannan ya nanata.

Na fita da asuba. Na wuce Kebbe, aka ɗora babur a jirgi muka ƙetare gulbi. Mai jirgin ya dubi ruwa ya ce in zan dawo in dawo da wuri, don in aka ƙara ruwa a gabas ba zai fito ba sai gulbi ya faɗa.

Da hantsi na isa. Babban ɗan malamin ne ya tarbe ni a ƙofar zaure, mutum kamar sa'ana, shi ke jan ragamar makarantar a lokacin. Tun kafin in gama sallama idonsa ya sauka a kan jakar. Ya rage tsawo, ya miƙo hannu biyu ya karɓe ta daga kafaɗata, ya yi bisimilla, ya kai ta can kan wani ɗan dandamali inda littattafai suke, ya ɗora ta a saman su duka. Mutanen zauren suka gyara zama. Wani ya jawo mini buzu.

Na ce, “Ni ne mai hoton da kuka aika a kira.”

“Madalla, madalla. Ashe kuma mai karatu ne. Rubutun hannu ne? Na wane gari?”

Na buɗe baki zan yi bayani, sai aka fito da tsohon, mutum biyu na riƙe da shi, gaisuwa ta rufe maganata. Ya sha sabon rawani, an sa masa kwalli. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, “Kai ne za ka kai ni Makka?” Na ce, “Allah gafarta Malam, Allah ne zai kai ka, ni hoto ne nawa.” Ya yi dariya, ba haƙori ko ɗaya.

Aka zaunar da shi a kan turmi a waje inda haske yake. Na ce a miƙo mini jakata. Ɗan ya ɗauko da hannu biyu kamar yadda ya kai. Na buɗe marfi, na zaro kyamara.

Kowa ya zuba wa kyamarar ido. Sai wani dattijo a baya ya ce, “Subhanallahi.” Ɗan malamin ya dubi kyamarar, ya dubi jakar, ya dubi hannuwansa.

“Mi nika gani? Abin hoto cikin gafaka? Kuma ka bari na ɗora shi bisa littattafan Malam?”

“Ba gafaka ba ce, jakar aiki ce. Don kyamara aka ɗinka ta, Alƙur'ani bai taɓa shiga cikinta ba.”

“Kai za ka gaya mini gafaka? Cikinta na tashi! Ka rasa inda za ka sa abin Nasara sai rigar Littafi? Kana yawo mutane na duƙa maka, suna zaton Alƙur'ani ka rataya!”

“Ban ce kowa ya duƙa mini ba. Tun a ƙofa na faɗi ko ni wane ne.”

Magana ta yi sama. Wasu na cewa a kore ni, wasu na cewa dama hoton kansa lalura ce ta sa aka yarda da shi, ga abin da ya jawo. Ina tsaye da kyamara a hannu. Ni da na yi alwala na yi sallar asuba na hau hanya cikin taɓo don uban wani ya je Makka, ni ake kallo kamar wanda ya taka Littafi. Wanda ya zaɓi jakar kuwa yana can Tambuwal a zaurensa yana shan fura.

Tsohon bai ji rabin abin da ake faɗa ba. Ya gaji da zama a kan turmi, ya buga sandarsa a ƙasa. “Wai mi anka tsaya yi? Rana na cina. Ku bar yaro shi ɗauka.”

Babu mai musu da shi. Aka riƙe farin ƙyalle a bayansa. Na daidaita numfashina, na ɗauka, na sake ɗauka don kada a ce ya ƙifta. Na gode wa Allah a zuci, na juya in mayar da kyamara. Babu jaka.

“Ina jakata?”

Ɗan ya ce, “An shiga da ita ciki. Za a goge ta, a yi mata turare, a sa abin da ya dace da ita. Abin nan ba shi ƙara komawa cikinta.”

“To a me zan ɗauki kyamarar?”

“Wannan kai ta shafa.”

Na nuna masa gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Na ce, “Malam, dubi sama. Hoton mahaifinka yana cikin abin nan. In ruwa ya shige shi, fim ya lalace, kuma gulbi ba zai bar ni in dawo ba kafin a rufe karɓa. Ka ara mini ita in kai gida, gobe in aiko maka da ita, ka riƙe har abada.”

Ya ce, “In Allah ya nufa Malam ya je, zai je.”

Na san da haka tun ina yaro, ba shi zai koya mini ba. Amma Allah bai hana a rufe kaya daga ruwa ba. Na roƙi ko buhu, ko tsohuwar jaka. Kowa ya kau da kai, kamar abin da ke hannuna zai ɓata duk abin da ya taɓa. Aka ɗauke tsohon aka shiga da shi, yana ta sa mini albarka, bai san abin da ake ciki ba.

Na naɗe kyamara da guntun ƙyallen, na tura babur da hannu ɗaya zuwa bakin ƙauyen, ɗayan hannun na rungume ta a ƙirji. Ba igiyar wuya, na baro ta a gida. A bayan babur ba ta zama. Da hannu ɗaya kuma ba a tuƙi a taɓo. Na tsaya a gindin wata tsamiya ina tunani, yayyafi ya fara sauka.

Wata tsohuwa mai fura tana harhaɗa ƙorenta a wurin. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, mi ya same ka ka rungume abu awa wanda ya sato?”

Na gaya mata a taƙaice. Ta ce, “Hoton Malam na ciki? Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna duka.” Ta warware zanen da ta yi gammo da shi, ta kwance majanyin da ke ƙugunta. “Duƙa.”

“Inna, in duƙa?”

“Duƙa mana, ruwa na zuwa. Ko kana da wata dabara?”

Ba ni da ita. Na cire riga na duƙa. Ta ɗora kyamara a tsakiyar bayana, ta kife mata ƙaramar ƙwarya yadda matan Fulani ke kife wa jariri in rana ta yi zafi, ta ja zane ta zagayo ƙirjina ta ɗaure. Na miƙe, zane ya zame.

Ta ce, “Af! Na manta ba ka da abin da ka riƙe shi.” Ta yi dariya har da tari. Ta kwance, ta bi da gefe ɗaya ta kan kafaɗa, ta ƙulle, ta ɗaure majanyi a ƙasa tamau har numfashina ya ɗauke. Na mayar da riga a kai, na zama mai ƙusumbi. Ta bubbuga ƙwaryar ta ce, “Yi barci, kada ka dami babanka.”

Ruwa ya same ni tun kafin gulbi. Ina jin shi yana dukan ƙwarya yana gangarowa ta gefen haƙarƙarina. Na faɗi sau ɗaya a taɓo, na kife da ciki da gangan don kada bayana ya taɓa ƙasa, gwiwata ta tsage. Mai jirgi na shirin ɗaure jirginsa na iso. Ya dubi bayana ya buɗe baki, ya dubi fuskata ya rufe. Muka ƙetare ruwa na shigowa ta gefe. Na ratsa Kebbe haka, riga ta manne, zane mai furanni ya fito fili ta wuya, majanyi na reto. A tashar Tambuwal taubashina ya hango ni, ya saki raken da ke hannunsa, ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya. Ban tsaya ba.

Matata ce ta kwance ni. Ƙyallen ya ɗan yi sanyi daga gefe, ta wajen zufa ko ta wajen ruwa ban sani ba. Kyamarar na goge ta, na cire fim a cikin ɗaki na ba direban safe. Daga nan babu abin yi sai jira. Zane da majanyi da ƙwarya matata ta wanke, ta haɗa da sabulu, na aika wa tsohuwar ta hannun masu zuwa kasuwar Kebbe.

Labari ya riga fim dawowa. Yaya ya aika a kira ni, zaure cike kamar wancan karon.

“Mi nika ji? An ce ka je gidan malamai ka jawo muna abin kunya. Kai ko tunani ba ka yi? Kyamara cikin gafaka? Ko yaro ya san ba a yi.”

Na ɗaga kai na dube shi. Tun da nake ban taɓa yi masa irin wannan kallo ba.

“Yaya, wa ya kai ni Dogon Daji?”

“Ni na ce a yi maka jaka. Ban ce ka shiga da ita gidan karatu ba.”

“Na ce maka gafaka ce. Ka ce fata ce da zare.”

“Kai! Ni kake mayar wa magana gaban mutane?”

Baƙin suka shiga ba da haƙuri, kuma duk ni suke ba, wai in bi babba. Na tashi na sa takalmina. A ranar ban yi masa sallama ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa cewa shi ya zaɓi jakar nan ba. Mun shirya, mun yi zumunci, na yi masa wanka da hannuna. Amma wannan maganar bai faɗe ta ba.

Da direba ya kawo hotuna, a nan tasha na buɗe, ban iya jira in kai gida ba. Waɗanda ke farkon fim ɗin, na wasu mutanen Sanyinna, laima ta taɓa gefensu, sai da na sake musu. Na tsohon ya fita tas. Ga kwalli, ga gemu fari, ga bakin nan kamar zai yi magana. Na zauna a kan benci na daɗe ban tashi ba.

Gulbi ya ɗan faɗa, ɗan malamin ya zo da kansa karɓa, don daga nan zai wuce ofis. Ya tsaya a ƙofar gidana, bai shigo ba. Na miƙa masa. Ya kai su kusa da ido, ya nisanta, ya karkata kai.

“Rawanin ya karkace.”

Na ce, “Haka kuka naɗa masa.”

“Ai kai ne mai hoto, da ka gyara.”

Gwiwata ko warkewa ba ta yi ba. Na haɗiye fushina, na ce, “Malam, ka kai su haka, ko ka ɗauko shi ka kawo a sake. Zaɓi naka ne, kuma an kusa rufewa.”

Ya sa su a aljihu ya tafi. Sannu da wahala bai ce ba.

An karɓi hoton. Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni, motar maniyyatan ƙasar Kebbe ta biyo ta Tambuwal za ta Sakkwato, mutane suka fito bakin hanya ana ɗaga hannu ana roƙon addu'a. Na tsaya a cikinsu. Tsohon yana gaba kusa da direba, an tokare shi da matashi. Idonsa ba ya kaiwa nesa, bai gan ni ba. Yana ta ɗaga wa kowa hannu yana dariya, rawanin nan a karkace.